Wanda Ya Goya Ni a Keke Zuwa Tsinkar Runhu

Jama'a, salamu alaikum. Ni tsohuwa ce 'yar Garwa, ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, na sa an rubuta mini wannan kamar yadda na faɗa, na kuma ce kada a gyara mini baki. Wallahi abin nan ya faru da ni, da rana fatse-fatse, idona biyu, ba komai a cikina sai kunun safe. Mace mai tattaɓa-kunne ba ta da abin da za ta ci da ƙarya.

Shekarun sun haura ashirin, tun kafin masu tare hanya su yi yawa Turawa su ɗauke ƙafa. Shugaban ƙasa dai shi ne wanda kuka sani, ba a sake ba. Autata Dije tana auren kuku a wani kampama cikin gandun daji, ta hanyar Ngaundare, a bakin Binuwai. Kampama kuwa bukkoki ne masu rufin ciyawa, inda Turawa kan baro gidajensu na bene su zo su kwana, da safe su ɗaura gajeren wando su hau keke, mai gadin daji na gaba da bindiga, suna bin namun daji suna ɗaukar hoto. Mu a wurinmu in ka ga ɓauna gudu kake yi. Su binta suke yi.

An shirya Dije za ta zo gida haihuwa, sai naƙuda ta riga mota, ta sauka a can, namiji. Aka aiko mini, na ɗaura zani na tafi wankan jego.

Ku 'yan yanzu da kuke raina wankan nan, ku sani ba ruwan zafi kaɗai ba ne. Sai da ganye, a tsoma shi a tafasasshen ruwa a rinƙa fyaɗa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in, in ba haka ba sanyi ya shige ta, ta ƙare rayuwarta da kumburi. Na taso da damin runhu babba, aka ɗora shi a saman mota kusa da akuyar wani mutumin Banyo, kafin mu isa ta bar mini tsirarun sanduna. A gandun kuma doka ce, ko tsinken sakace ba a karyawa, wanda aka kama a bakin aikinsa. Sai an fita iyaka, can bayan wani rafi, tafiyar da ƙafar tsohuwa ba ta yi.

Mijin Dije, ba zan faɗi sunansa ba don har yau surukina ne. Tun da ya aure ta ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. In ya zo gaisuwa daga bayan zana yake durƙusawa, ni kuma in amsa wa bango. Abin da na sani nasa shi ne tarinsa da ƙarar takalminsa, shi ke nan. Na gaya wa Dije ta gaya masa, ya ari keke ya je ya dawo da dami. Bawan Allah ɗan birni ne, bai san runhu ba. Na gwada ganyen a hannuna, na wuni ina susa har la'asar.

Kwana uku ana wanka da ruwa zalla. Ran na huɗu Dije ta tashi ƙafafu a kumbure, jiki zafi, haƙora na haɗuwa.

Ta ce, "Inna, ke kika san ganyen. Sai dai ya goya ki a keke."

Na ce, "Ke, ki ji tsoron Allah. Ni a bayan mijinki?"

Ta ce, "To ai ba a wuyansa za ki zauna ba, a kan kariya ne."

Na dubi ƙafafunta, na dubi jaririn. Can na ce na yarda, amma da sharaɗi: ba zai yi mini magana ba, ba zan yi masa ba, ba zai waiwayo ba, kuma ƙarfen sirdi zan riƙe, ba rigarsa ba. In ya gama ba Turawa karin kumallo ya zo ƙofa ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Dije ta kai saƙo ta zana, na ji ya yi tari, alamar ya amsa.

Da hantsi ya yi sosai sai na ji ƙararrawa, kiring, kiring. Dije ta samu barci, ban tashe ta ba. Na ja mayafi na rufe fuska ruf, na bar 'yar kafa da zan ga ƙasa, na fita, na lalubi kariya na zauna a karkace, na yi bismilla.

Jama'a, ban taɓa hawa keke ba, amma na san keke yana ƙara, sarƙa na cewa wani abu. Wannan shiru, sai shuuu, kamar ana jan tabarma a kan yashi. Ramin da na gani a ƙasa ba na jin sa a ƙuguna. Wani wari kuma na bugo ni daga gaba, kamar bunsuru ya yi birgima a ɗanyen ganye, na ce a raina aikin kicin ne, Allah ya ba Dije haƙuri.

Ta ƙasan mayafi nake ganin duniya, saboda haka duk namun dajin nan ƙafafunsu na sani. Na ga siraran ƙafafun mariya sun fi a ƙirga, sun dare gida biyu mun wuce ta tsakiya. Na ga mugun dawa da 'ya'yansa sun durƙusa a kan gwiwa a gefen hanya. Na ga baƙaƙen kofatai masu kauri na ɓauna suna ja da baya a hankali, kamar masu ba liman hanya. Daga nan muka shiga tsakanin wasu turame huɗu masu toka-toka, inuwa ta rufe mu, na ji wani abu mai laushi ya shinshina ɗankwalina ta sama, ya huro mini iska mai ɗumi. Sai da muka fita na gane ta ƙarƙashin giwa muka bi. Na so in yi salati da ƙarfi, sai na tuna surukina zai ji muryata na rawa, na haɗiye.

To a nan ne idona ya sauka kan feda. Wandon kaki ne ya sauko har idon sawu, ba takalmi. Ƙafar kuwa baƙa ce, doguwa, gashi ya kwanta a bayanta, kuma yatsun ba taka fedar suke yi ba, damƙe ta suka yi, babban yatsa ya zagayo ta ƙasa kamar yadda nake riƙe muciya. Na kawar da kai da sauri, don ba tarbiyya ba ce mace ta tsura wa ƙafar surukinta ido. Na dai ce a raina, ashe shi ya sa kullum yana cikin takalmi sau-ciki, kuma lallai masu binciken aure sun yi mana sakaci.

Muna cikin haka na ji Faransanci a gabanmu da ƙarar kekuna. Turawa ne, da Hammadu, wani dattijon Bafillace mai gadin daji da ke yi musu jagora. Surutun ya ɗauke ɗif. Na ji keke ya faɗi, na ga bindiga a ƙasa, na ga hular Hammadu ta gangaro ta wuce mu. Wata Baturiya ta yi wata 'yar ƙara, na ji ƙyas na abin hoto. Na ce a raina ga shi nan, abin da na guda ya faru, har Turawa sun san abin kunya ne.

Muka haye rafin, keken ya tsaya daidai gindin runhu, mai kyau, ganye shar. Na tsinka har na gaji, na ɗaure da gefen zani, shi kuma yana tsaye ya ba ni baya, ko tari bai yi ba. Na ce lallai yaron nan yana da ladabi, ƙafa kuwa halittar Allah ce. Da muka dawo ƙofa na sauka, na kwance bakin zani na ɗauko farin goro guda na ajiye masa a kan kariya, tunda ba dama in ce na gode.

Ina shiga na tarar da Dije zaune, ta ce, "Inna, ina kika shiga? Tun ɗazu yake aiko a ba ki haƙuri, baƙi sun ƙaru, bai fita daga kicin ba. Ya ce sai gobe."

Na ajiye damin a hankali. Na ce, "Kira shi."

Ya zo bayan zana ya durƙusa ya yi tari. Na ce wa Dije, "Ce masa ya cire takalmi ya turo ƙafarsa ta ƙasa."

Ta ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "Ce masa dai."

Sai ga ƙafa ta leƙo. Ƙafa ce irin ta kowa, gajera, da kaushi, da farcen da ke neman yanka. Na ce a turo ɗayar. Ita ma haka. Wallahi ban taɓa baƙin cikin ganin lafiyayyar ƙafa ba sai ran nan.

Na tafi wurin Hammadu, na same shi kwance gindin tsamiya an lulluɓe shi da bargo a cikin zafin nan. Na ce, "Malam Hammadu, wa ka gani?"

Ya ce, "Dada, ke na gani, kina zaune a kariya kamar matar lamido."

"Na gaba fa?"

Ya ja bargo ya ce, "Ni ina da iyali. Useko, ki bar ni." Useko godiya ce da Fillanci, amma wannan tasa kora ce.

Masu aiki suka duba rumfar kekuna. Akwai wani tsohon baƙin keke da ke rataye a bango tun shekara biyu, ba shi da sarƙa sam. Shi aka tarar da ɗanyen laka a taya, da zaren zanina a maƙale a kariya. Goron babu. Baturiyar kuwa ta haɗa kayanta ta tafi kafin azahar, hoton bai taɓa zuwa hannun kowa ba.

Saura ganye. Surukina ya yi magana mai tsawo ta zana, karon farko a rayuwarsa, wai don Allah a ƙone shi. Dije na kuka, tana tsoron ganyen, tana tsoron kumburin. Na juya damin, na shinshina, na murza a hannu, runhu ne tsantsa. Na ce ko wane ne ya tuƙa, bai shuka itacen ba, kuma hannuna ne ya tsinka. Na karanta abin da na iya, na tafasa ruwa, na yi mata wanka har tana kiran sunan kakarta. Kafin kwana biyu ƙafafu sun saɓe, zazzaɓi ya sauka, nono ya kawo.

Da ganyen ya kusa ƙarewa na fito da safe, sai ga sabon dami a ƙofa, an ɗaure shi da igiyar rama, ga layin taya guda ɗaya a yashi. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauka, na ajiye goro a kan dutse. Haka muka yi ta yi, ganye ya zo, goro ya tafi, har na koma cin ɓari don kada ya rasa. Ranar arba'in na fito, ba dami, ba layi.

Ran komawata Garwa, motar na dab da fita gandun, na hango wani tsohon gwaggon biri zaune shi kaɗai a kan dutse, furfura ta cika masa ƙeya, bakinsa ja wur kamar na dillalin shanu a kasuwar Meiganga. Ban ce shi ne ba, kada ku ce na ce. Amma da motar ta zo daidai da shi sai ya sauko, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya kawar da fuska gefe. Ni ma ban san lokacin da na ja mayafi na rufe tawa ba.

Jaririn nan yanzu magidanci ne, Dije kuma ko ciwon gwiwa ba ta yi. Ni ce dai har yau in na ji ƙararrawar keke sau biyu a ƙofar gida, sai hannuna ya tafi bakin zani neman goro.

Shawarata gare ku, mata: kunya abu ne mai kyau, ku riƙe ta. Amma duk wanda zai goya ku ya shiga daji da ku, ko da surukinku ne, ku ɗaga mayafi ku dube shi sau ɗaya tukuna. In kuwa kunyar ta hana, to ku ce ya yi tari.