Yadda Na Koyi Yanka wa Mota Haƙori

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri. A Kwaya aka haife ni, kuma har na yi aure ban taɓa ƙera abin da ya wuce hauya da lauje da gatari ba. Zamanin Faransa ne, ƴan shekaru bayan babban yaƙi. Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba, manoma suka daina sayen ƙarfe, kowa yana lallaɓa tsohuwar hauyarsa. Na ɗauki matata da zugazugina muka koma Magariya, na kafa rumfa a bayan kasuwa, kusa da inda ake tara buhunan gyaɗa.

A nan wani tsohon soja ya same ni. Sarjan kowa yake ce masa. Gyaran motocin soja ya yi a ƙasashen da aka kai shi, ya dawo gida da hannun dama a shanye, ko ludayi ba ya iya riƙewa da shi. Amma son mota bai bar shi ba. Kullum yana bakin hanya, in kamyo, wato babbar motar kaya, ta taho tun daga nesa zai karkata kai ya faɗi abin da ke damunta kafin ta iso.

Wata safiya ya zauna a bakin rumfata, ya kwance wani ƙyalle a cinyarsa.

"Maƙeri, ka san wannan?"

Na juya abin a hannuna. Na ce, "Sarjan, kamar faifai ne na ƙarfe, da haƙora a gefensa."

"To ka gane shi. A cikin buwat yake zaune, akwatin da direba ke sauya gudu da shi. Inji ya juya wannan, wannan ya juya ɗan uwansa, har ƙarfin ya kai ga ƙafafu. Ka ga inda ya yi giɓi? Saboda wannan giɓin kamyon Alhaji take kwance, gyaɗarsa tana jiran ta a ƙauyuka."

Alhajin nan ɗan kasuwar gyaɗa ne. Irinsu a lokacin tsofaffin motocin da soja suka gama mora suke saya, waɗanda kayan gyaransu sai an aika bakin teku, kuma sau da yawa amsar da ke dawowa ita ce an daina yin irinsu. Kafin a ji wani labari kaka ta wuce.

Na ce masa ni hauya na sani. Ya yi dariya ya ce, "Ni ina da shi a kai, ba ni da hannu. Kai kana da hannu. Mu haɗa mu gani."

Ya kawo mini guntun sandar ƙafar baya ta wata matacciyar mota, ƙarfe mai kauri irin wanda ban taɓa sa wa wuta ba. Matata, ita ma ƴar maƙera ce, ta kama zuga. Muka gasa shi muka yi ta duka har ya baje ya zama faifai, na huda tsakiyarsa. Sarjan ya ɗora tsohon a kan sabon, ya sa na zana wurin kowane haƙori da tsinin ƙarfe. Daga nan sai sara da kurfi da guga da magagari. Yana da magagarai masu kyau da ya dawo da su daga soja, a naɗe cikin fata, ya miƙo mini su ba tare da ya ce aro ne ko kyauta ba. In na goga na goga, sai ya shafa baƙin tukunya da mai a haƙoran, ya haɗa su da na faifan da za su ciza, ya juya. Inda baƙin ya goge, nan ne ya yi tudu, nan zan koma. Aikin ya ci mu kwanaki, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya warke.

Da muka gama na ba shi ruwa yadda nake ba gatari, ja zur na tsunduma shi a kwatarniya. Aka ɗaura, kamyo ta tashi, muka yi murna. Ba ta kai Sassumbrum ba. A wani wuri mai yashi direba ya matsa mata da lodi, faifan ya tarwatse kamar kasko.

Na kwana biyu ban iya cin tuwo sosai ba. Ina ganin Alhaji ya nufo rumfa na miƙe, na rasa inda zan sa idona. Ya zauna, ya gaishe ni da aiki, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Sarjan ya gaya mini haƙoran sun ciza daidai, taurin ne ya yi yawa. Abin da ya kai mota rabin hanya zai iya kai ta duka. Sake wani." Da la'asar ya aiko da wata sandar ƙarfe, da buhun gero a kan jaki. A shekarar da gero yake wuyar gani ke nan. Matata ta jawo buhun ta shigar da shi ɗaki.

Sarjan ya ce laifin nasa ne, da bai tsaya a kaina ranar ba da ruwa ba. Ya ce haƙorin mota so yake bayansa ya yi tauri, cikinsa ya zauna da taushi, don ya jure duka. Ya tura ni wurin mahauta na kwaso ƙaho da kofato. Muka ƙona su, muka daka da gawayin ƙirya, muka binne sabon faifan a cikin dakakken garin, a tukunyar ƙasa, muka liƙe bakinta da laka. Wuni guda tukunyar tana cikin wuta. Warin ya kori masu sayar da goro daga inuwar da ke kusa da mu, wata mai ƙosai ta zo har rumfa ta tambaya ko mushe muke gasawa. Wannan faifan shi ya kwashe gyaɗar Alhaji har ƙarshen kaka, ya kuma yi ta baɗi.

Direbobi ba sa riƙe labari. Kafin wata shekara, ranar kasuwa tabarma muke shimfiɗawa, mu jera abin da muka yi: faifai manya da ƙanana, da ƙarfe mai yatsa biyu da ke tura su, da zobban tagulla da nake zubawa daga kwanson harsashi. Har daga tsallaken iyaka, wajen Daura da Kano, ake zuwa da karyayyen ƙarfe a aljihu ana tambayar rumfar Sarjan da maƙeri. Ba kowa Sarjan yake sayar wa ba. In ya duba ya ga ciwon motar ba a nan yake ba, sai ya ce da mai ita, "Riƙe kuɗinka, je ka miƙe sandarka tukuna, in ba haka ba wannan ma za ta cinye shi." Wasu ma ba saye ke kawo su ba, zama suke yi a yi ta gardamar wace mota ta fi wace jure yashi.

Ana nan sai Sarjan ya samo wata ƙaramar baƙar mota, ta wani kumandan Bature da ya daɗe da barin ƙasar. A bayan wani kanti aka yar da ita, kaji suna ƙwai a kujerarta. Jakuna suka jawo ta gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Ba wanda ya sa mu, ba kuma wanda zai biya. Da damina, in hanyoyi sun yanke aiki ya yi sauƙi, sai mu buɗe cikinta mu yi ta yi mata haƙora ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna wucewa suna cewa tsoho da maƙeri sun sami abin wasa. Gaskiyarsu ne, daɗin abin muke ji.

Ranar da ta tashi, bayan an yi girbi, sai ga wata matsala: sandar sauya gudu a dama take, hannun da Sarjan ba shi da iko da shi. Ya ce, "Shigo, ƙanena. Ni tuƙi da ƙafa, kai sanda. In na kira, ka tura." Na tambaye shi ina za mu. Ya ce, "Yaushe rabonka da Inna?"

Haka muka kama hanyar Kwaya, yana riƙe da sitiyari da hagu, yana taka ƙafa yana kiran "Biyu!" ni kuma ina turawa. Duk lokacin da sandar ta shiga sumul sai in ji abin har cikin ƙirjina. Mun kafe a yashi, mutanen wata ruga suka bar shanunsu suka turo mu, suka ba mu nono muka sha.

Mahaifiyata tana zaune a ƙofar gida, ƙafafunta sun daɗe da ƙin tafiya mai nisa. Ta dubi motar, ta dube ni.

"Kai ka ƙera wannan?"

"A'a, Inna. Haƙoranta kawai."

Ta ce to ai da haƙori ake ci. Sarjan ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta ko akwai inda take so a kai ta. Ta ce tana da ƙanwa a wani ƙauye gaba da fadama, sun yi shekaru sai dai saƙon gaisuwa. Muka ɗauke ta cak muka zaunar a baya, ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana salati har muka isa. Muka bar su su biyu a ɗaki suna kuka suna dariya, mu kuma muka zauna a inuwa muna jiran inji ya huce. Da za mu dawo Inna ta saki ƙofar, har tana nuna mana gonakin mutane tana faɗin masu su.

Daga baya sababbin motoci suka shigo, kayan gyaransu a kwali daga Damagaram, tabarmarmu ta yi ta raguwa. Ban ji haushi ba. Sana'ar ta ciyar da gidana shekaru masu yawa, da ita na aurar da ƴaƴana. Sarjan da Alhaji duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba na idar da salla ban sa su a addu'a ba. Allah ya jiƙansu, ya saka musu da alheri.