Labbo Mai Hayar Littafi Bai San Kowa Ba

Shekara tara ina ɗaukar Labbo a bayan babur ɗina na kabu-kabu, daga Dungas zuwa kasuwar Guci da ta Mallawa, amma wallahi ban taɓa jin sunan mai karatunsa ko ɗaya a bakinsa ba. Hayar littattafan Hausa yake bayarwa, galibi ga matan aure. Kowane littafi sai ya naɗe shi da takardar buhun siminti, ya cusa ƙarƙashin kwanon wake, a shiga da shi gida kamar cefane. Mutum ne mai zargi, ko gaisuwarka ta yi tsawo sai ya hau kallon takalminka.

Bara da kaka wata 'yar jami'a, Mansura, ta tare mu a Guci da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Ta ce bincike take kan wani tsohon birnin Japan, wai Edo, inda shekara ɗari biyu da suka wuce masu haya ke goyon littattafai a baya, gida gida, hukuma kuma na sa wa wasu marubuta ankwa. Tana so ta kwatanta da sana'arsa: su wa ke karɓa, me suke karantawa.

Labbo ya kafe ni da ido. Japan kuma? A hanya ya ce ko 'yan duwan, wato kwastan, suka turo ta, ko wani maigida. Ya ce in har ta san abin da matan Edo suka karanta, to wani mai haya ne ya ci amanarsu. Ni ma na zarge ta, gaskiya.

Kasuwa uku tana dawowa, yana ce mata wake yake sayarwa. Ran ta huɗu ba ta zo da kaye ba. Ta ciro littafi a takardar siminti, duk ya sha hannu.

"Baba, cikin kwanukan innata Fadi na same shi bayan rasuwarta. A kansa ta koya mini karatu. Me ta fi so?"

Na ga ya hau kallon takalminta, raina ya ɓaci, na ce haba Labbo, marainiya ce fa. Ya shafa naɗin, irin nasa ne sak, ya mayar mata.

"Allah ya jiƙan ta, ɗiyata. Ban san ta ba."

Kafin mu kai Dungas, bayan rigata ya jiƙe da hawayensa.