Dutsen Murhun Matar Tsibiri

Ina ɗan shekara goma na yi sata, kuma abin kunyar shi ne, dutse na sata. Har yau in hayaƙin masu gashin nama ya buge ni a titin Rusholme, dutsen nan nake tunawa.

A dogon hutun shekarar aka tura Baba riƙon wani ƙaramin asibiti a wani tsibiri can ƙuryar arewacin Scotland, ya kwashe mu daga unguwarmu ta Withington. Mota, jirgin ruwa, mota, wani jirgin ruwan. Na yi amai har sai da na dawo da naman ragon sunana. Da muka isa kuwa, tumaki ne suka tarbe mu, da wata iska mai neman cire wa mutum kunne.

Akwai wani tsoho da Baba ke duba wa ƙafa. Shi ya kai mu wani kwari a bayan dutse, inda gidaje ke jere ba rufi, ciyawa ta cinye ɗakunan. Ya ce a da mutanen tsibiran nan suna da sarakunansu da jiragensu da harshensu na Gelik, sarkin ƙasa bai isa ya juya su ba. Aka karya mulkin. Can daga baya masu filaye suka ga tumaki sun fi mutane riba, suka kware rufin gidaje, aka loda iyalai a jirgi. Ya ce yanzu jikoki sun haɗa kai sun karɓi ƙasar, amma wannan kwarin ba wanda ya dawo.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Wani dutse na hango a tsakar wani ɗaki, sumul, gefensa baƙi. Na zura shi a aljihu.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana Birmingham a gidan Baffa. Sanyi ya kama mata gaɓoɓi har ruwan alwala ya gagare ta, sai taimama. Na kai mata dutsen tsaraba, ina jiran albarka buhu-buhu.

Ta juya shi, ta goga babban yatsa a baƙin, ta shinshina.

"Maigida, ina ka samo wannan?" Haka take kirana don tsokana.

"Bakin teku, uwargida."

"Tekun naku girki yake yi? Wannan dutsen murhu ne."

Na faɗi gaskiya, na ƙara da gishiri. Na ce gidaje sun kai dubu, aljanu har sun bi ni da gudu. Ba ta yi dariya ba.

"Kufai ka shiga? Ka yi sallama?"

"Kaka, ba kowa fa."

"Duwatsun murhu uku ne. Ka ɗauke wa matar gidan guda ɗaya, a kan me za ta ɗora tukunya?"

Baba ya ce, "Inna, su ba irin murhunmu gare su ba."

Ta ce, "Kai ka taɓa yi mata girki?"

Ranar na fara jin cewa ƙauyen da aka haifi Kaka yana ƙarƙashin ruwa. An yi dam, aka tashe su tana budurwa. Ta ce mahaifiyarta ta kwashe komai, har tsintsiya, amma ta bar murhu a girke, don gidan ya san za a dawo.

Ta ƙi yin taimama da dutsen. Ta naɗe shi a ɗankwali ta ajiye a kan taga. Duk zuwanmu, kafin gaisuwa ta ƙare, sai ta ce, "Yaushe za a mayar wa baiwar Allah nan da kayanta?" Baba ya ce in an yi hutu. Ni kuwa na daina zama kusa da tagar. Wallahi ɗakin ƙaurin hayaƙi yake yi, ko da yake Baffa ya rantse hitar ɗumama ɗaki ce.

Kaka ta rasu kafin hutun.

Da zafi ya shigo muka koma tsibirin, ni da Baba. Tsohon ma ya rasu. Na zaga kwarin, gidajen duk iri ɗaya, na kasa gane ɗakin. Na zaɓi ɗaya, na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama da ƙarfi. Wata tunkiya ta ɗago ta dube ni. Na ajiye dutsen a tsakar ɗakin, muka juya.

Har yau ban sani ba ko murhun matar ne.