Cokalin Hagu

Maigidana direban babbar mota ne a ramin ma'adinai na Arlit, irin motocin nan da tayarsu ta fi mutum tsawo. Mu mutanen Damagaram ne, aiki ya kawo mu, muka haifi 'ya'ya huɗu a nan, muka aurar da su, suka watse. Muka rage mu biyu a gidan da muka gina a cikin gari, shi yana zuwa aiki, ni ina girki ina yi masa faɗa a kan gishiri, don likita ya daɗe da gaya masa yana da tansiyo, wato hawan jini, shi kuma ya mai da maganar wasa.

Ranar hutunsa abin ya same shi, da hantsi. Yana zaune a tabarma yana gyaran rediyo sai ya dafe kai da hannu biyu ya ce mini kansa zai tsage. Ya yi amai, ya kife. Daga asibitin garin aka wuce da mu Yamai, aka ɗauki hoton kansa, likita ya ce jijiya ce ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, jini ya malala. Wata biyu muka yi can. Da muka dawo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ƙafa sai ja, hannu a rataye. Magana kuwa ta tafi, abin da ya rage masa "to" da "a'a" da "Alhamdu lillahi". Amma hankalinsa yana nan sarai, duk abin da aka faɗa yana ji.

Ni mace ce mai son a ce ta iya, ba zan ɓoye ba. Ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci a baki. Masu zuwa dubiya suna cewa Allah ya yi mini albarka, samun mace irina sai an tona, ni kuma ina sunkuyar da kai alhali maganar tana yi mini daɗi har cikin rai. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ba ko shi yana son a riƙa ɗura masa tuwo a gaban abokan aikinsa.

Sai yayansa ya zo daga Damagaram, kwana biyu a mota. Na yi tuwon gero da miyar kuka da man shanu, na kai musu kwano ɗaya kamar yadda suka saba ci tun suna yara, na zauna gefe don in ba maigida. Na juya ɗauko ruwa ke nan, ina waiwayowa na ga hannunsa na hagu a cikin kwanon, ya yanko loma, yana murmushi da rabin bakinsa yana kallon yayansa. Wallahi ban san lokacin da na kai masa duka a bayan hannu ba. Na ce, "Hagu?" da irin muryar da na tarbiyyantar da 'ya'ya huɗu. Lomar ta faɗi a tabarma.

Yaya ya ce, "Haba, ƙanwata! Ai lalura ce. Wane hannun gare shi in ba wannan ba?"

Na sani. Ko malamin unguwarmu ya faɗa, wanda ba shi da dama babu laifi a kansa. Amma hannuna ya riga kaina. Maigida ya janye hannun a hankali, ya cusa shi ƙarƙashin riga, ya juya fuskarsa ga bango. Yaya ma ya wanke hannu, aka ɗauke tuwon kusan yadda aka kawo shi.

Daga ranar bai sake miƙa hannu ga abinci ba. Sai na ba shi, kuma loma uku ya rufe baki ya ce "a'a". Mutumin da ke tashi da kwano guda ya koma ana ƙirga ƙasusuwan wuyansa. Mai motsa masa jiki a asibiti ya ce mini in bai ci ba ƙafar nan ba za ta taɓa ɗaukarsa ba. Ni kuwa a gidanmu ba a koya mana ba da haƙuri da baki ba, da girki muke bayarwa. Na yi dambu, na yi farfesu, na aika aka nemo mini cukun Abzinawa da dabino na daka masa fura. Duk loma uku ne. Ina kallonsa yana ƙarewa, na san dalili, amma bakina ya ƙi furta kalma biyu.

A bencin asibitin nan wata tsohuwa ta same ni ina fama da shi da ludayin fura. Ba'adara ce, mutuniyar Tawa, doguwa, mai magana ba kwana-kwana. Ta tsaya a kanmu ta ce, "Ke ɗiyata, wanga mutum hannu guda nai lahiya lau. Mi ya hana shi sha da kai nai?" Na ji haushi, na ce ba ya so ne. Ta ce mijinta ma jini ya zuba masa a kai shekarun baya, kuma duk Alhamis bayan la'asar masu irin ciwon suna taruwa a ƙofar gidansu a Akokan, nan kusa da Arlit, matansu kuma a cikin gida. Ta ce in kawo shi. Na ce to, irin "to" ɗin sallamar mutum. Sai da aka auna shi aka ce ya ƙara ramewa sannan na nemi mai a-daidaita ya kai mu.

Rumfa ce ta tsofaffin kwanonin rufi da tabarmi, maza bakwai ko takwas a ƙarƙashinta. Akwai tsofaffin ma'aikatan rami, akwai wani Bakatsine mai sayar da yadi, akwai wani da aka ɗauko daga wurin haƙar zinariya a Cibarakatan. Wannan baki a karkace, wancan da sanda, wani a keken guragu. Mai gidan, mijin Ba'adarar, Ba'abzine ne, tsohon maƙeri, rawani har hanci, shi ma damarsa ce ta shanye. Shi ke dafa shayi. Yana kafa 'yan kofuna a cikin rairayi, ya ɗaga buta sama da hagu ya tsiyaya, ɗigo ba ya kuskurewa. Kowa ya karɓa da hannun da Allah ya bar masa, ba mai kallon wani.

A cikin gida kuwa mata ne. A nan na koyi yadda ake juya ƙaton namiji da zane ba tare da bayanka ya karye ba, da yadda ake sa wa wando roba maimakon mazagi. In mai keke ya rasu, su ke sanin gidan da za a kai keken. A nan kuma na fara jin mace ta ce ta gaji, ta ce akwai ranar da ta shiga bayan gida ta yi kuka don kada ta yi masa tsawa, kuma ba wadda ta ce mata ta ji tsoron Allah. Ni dai ina zaune ina taƙama a raina cewa ban kai ga haka ba.

Ta kafar ƙofa nake leƙen maigida. Tsohon ya miƙa masa kofi, ya ƙi karɓa, hannu na cikin riga. Tsohon ya kafa kofin a rairayi a gabansa. Na miƙe zan je in ba shi a baki, Ba'adarar ta riƙe mini zane ta ce, "Zamna." Alhamis ta biyu haka, ta uku haka, shayi ya huce a zubar. A ta ukun ne ta dube ni ta ce, "Mi kinka yi mai?" Ban san yadda aka yi ba sai na ji ina ba da labarin tuwon nan, ina kuka a gaban matan da ban san sunayen wasunsu ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta ce, "Ni da kika gani, in baƙi sunka zo, ɗaki nika kulle shi don kar a ga miyau na zuba mai. Shekara guda ina haka. Kowace cikinmu nan akwai abin da ta yi. Ke dai bar leƙe, ki bar shi da 'yan'uwa nai." Daga ranar ta mai da ni can ƙarshen tsakar gida inda ba a hango rumfar.

Bayan wasu makonni na lura duk ranar Alhamis in mun dawo ba ya karɓar ko loma ukun. Na ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa. Wata safiya ina wanki, na sa hannu a aljihun babbar rigarsa sai na ji abu mai tauri a naɗe cikin ƙyalle. Cokali ne na itace, irin wanda Abzinawa ke cin abinci da shi, amma an sassaƙa wuyansa a karkace, yadda in ka riƙe da hagu bakinsa zai nufo bakinka. Har ya yi duhu saboda mai.

Ban jira Alhamis ba. Na yafa mayafi na tafi Akokan raina a ɓace, na sami tsohon a rumfarsa shi kaɗai ya danne wani guntun itace da ƙafa yana fiƙewa. Na nuna masa cokalin na ce mene ne wannan. Shi Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Kai mata, zauna. Ni na yi masa. Duk wanda ya zo nan dama ya mutu, ina yi masa ɗaya. Mijinka wata guda yana ci a nan, shinkafa kwano cike." Na ce to me ya sa ba a gaya mini ba, ina can ina mutuwa da tunani? Ya ce, "Shi ya hana. Ya sa yatsa a baki, ya nuna ƙofar da kake ciki."

Na naɗe cokalin a ƙyallensa na kama hanyar gida. Shekara talatin da aure, mijina yana ɓoye mini cokali a aljihu. Sau ɗaya a mako yake ƙoshi, kuma a ƙofar gidan wani, saboda a gidansa akwai ni. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, har mai a-daidaita ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Da azahar na tuƙa tuwon gero da miyar kuka, irin na ranar nan. Na jingina shi da bango, na ajiye kwano a gabansa, na ɗora cokalin a gefen hagunsa. Ya dubi cokalin, ya dube ni, idonsa ya cika da tsoro. Wannan tsoron ya fi komai yi mini ciwo. Na fita na zauna bayan katanga kusa da murhu ina saurare. Shiru, shiru. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, yana buga cokalin a bakin kwano. Kira ne.

Na shiga na tarar bai taɓa tuwon ba. Na durƙusa a gabansa, kalmomin da suka ƙi fita wata huɗu suka fita. Na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya sa cokalin ya yanko tuwo, ya dangwalo miya, ya nufo bakina da shi. Wuyan cokalin don bakinsa aka karkata shi, ba don nawa ba, rabin miyar ta zube a zanena. Na buɗe baki na karɓa. Ya ce, "To." Sannan ya ci, ina zaune ina kallo, har ya ga ƙasan kwano.

Wata bakwai ya ƙara a duniya. Ya yi ƙiba kaɗan, ya fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Wata safiya bayan ya sha kunu jinin ya sake zuba, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mutanen rumfar suka zo gaisuwa, masu sanda da masu keke, suka cika mana ƙofar gida.

Da na fita takaba, Ba'adarar ta zo. Ta ce hannun tsohon ya fara rawa, ba ya iya sassaƙa yanzu, ga shi an kawo wani sabon mutum, makanike, shi ma dama ce. Ba ta roƙe ni ba, ta faɗa ne kawai. Na ce sanda da tabarmar roba duk ta ɗauka, amma cokalin nan ba zan iya ba. Ta ce ta sani. Kwana uku ina ɗauko shi ina mayarwa.

Ranar Alhamis na kai shi da kaina. Matar makaniken yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, tana zaune a bakin ƙofa da kwanon fura da ludayi tana leƙen rumfa. Na zauna kusa da ita na buɗe ƙyallen. Na ce ta ajiye masa wannan kusa da kwano, ta tashi ta ba shi wuri. Ta juya cokalin a hannunta, ta ga karkatar wuyan, ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Da hagu, Inna?"

Na ce, "Da hagu, 'yata. Kada ki taɓa masa hannun."