Dattijo Mai Agogon Awa

Yana zaune a bencin tashar jirgin ƙasa, dattijo mai furfura, kwamfuta a cinya, allonta baƙi wuluk sai ɗan farin rubutu. Aljihu tara ne a rigarsa, na ƙirga. Biron sa hannu daban, na soke kuskure daban. Wayar kira daban, ta amsawa daban.

Ina jin cikin masu rubuta manhaja yake, irin waɗanda suka yi imani kowace manhaja ta tsaya kan aiki ɗaya tak, ta iya shi, ta miƙa wa ta gaba. Shi kam abin ya bi shi har jiki. Allah ya ba matarsa haƙuri.

Na ce, "Baba, ƙarfe nawa?"

Ya duba agogon hannun dama. "Huɗu."

"Da minti nawa?"

"Ba aikinsa ba ne, 'yata. Awa kaɗai yake faɗa." Ya ɗaga hannun hagu, babu komai sai shatin maɗauri. "Na minti yana wajen gyara. Kin ga amfanin raba aiki? Da agogo ɗaya ne, da yanzu ban san komai ba. Jirgin huɗu da kwata nake jira, zan je ganin jikata ta fari."

Bai rufe baki ba jirgin ya yi kuka ya wuce, shi ne na ƙarshe yau.

Ya bi shi da kallo har idonsa ya ciko. Ya laluba aljihu, ya ciro hankici, ya duba, ya mayar. Na gumi ne. Na hawaye ya baro a gida.