Tsohuwa Ta Tashi

Yayana motoci uku gare shi, kuma duk cikinsu wadda ba ta tafiya ita ya fi so.

Akwai 'yar Kwatano, ruwan toka, wadda yake zuwa aiki sakatariya da ita. Ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗauko buhun shinkafa, ba ta taɓa ba shi kunya a hanya ba, shi ya sa ko kallon kirki ba ya yi mata. Akwai wata ja, gajeriya, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, wadda ba ya fito da ita sai yammacin Juma'a. Su jeru a bakin titi shi da abokansa masu irin ciwonsa, kowa ya ɗage bonet, su yi ta leƙen injin juna har a kira magariba. Sai ta ukun, a-kori-kurar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wadda ta yi shekaru a farfajiyar gidanmu na Dutse, ƙarƙashin darbejiya, an ɗora ta kan bulo, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Ita ce ya laƙaba wa suna Tsohuwa.

Tun ranar da na fara jin sunan na ce masa bai yi ba.

"Yaya, muna da tsohuwa a gidan nan fa. Tana numfashi, kuma tana jin ka."

Ya yi dariya ya ce ai Inna Inna ce, babu mai haɗa su. Wai motar ta girme ni, in riƙa gaishe ta da safe.

Baffa, wato mahaifinmu, da sanda ya fara, yana bin shanu. Da ya zama dillali ya sayi motar nan. A bayanta ake kawo harawa da dusa, a bayanta ake sauko da maruƙa daga kasuwar Maigatari, kuma a gabanta yake ɗaukar Inna duk bayan kaka ya kai ta Miga ta gaida yayarta, wadda muke kira Yadikko. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Yadikko ta makance tun ina budurwa, ba ta zuwa ko'ina. Da Baffa ya rasu, motar ma ta kwanta. 'Yan gwangwan suka zo tayawa, Yaya ya kore su kamar ya ga ɓarayi. A nan gaban dangi ya rantse zai tashe ta da hannunsa, kuma tafiyarta ta farko Inna zai kai Miga.

To, ga inda wahalata ta samo asali. Yaya shi ne ɗan fari. Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske, tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ko ruwa ba ta taɓa cewa ya miƙo mata ba. Duk abin da take so ya ji, ni za ta gaya wa: "Ki ce wa wancan." Shi ma ya saba, yana tsugune a bakin ƙofarta zai juyo ya ce mini, "Ki tambaye ta ƙafar da sauƙi?" Ni da na baro ɗakina na dawo gida jinyar Inna, ga aikin koyarwa da safe, sai na zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke ganin juna.

Duk Asabar da Lahadi yana nan. Zai ajiye 'yar Kwatano a waje, ya cire babbar riga, ya shige ƙarƙashin Tsohuwa, ba ka ganin komai sai tafin ƙafarsa. Ya kwance wannan, ya wanke da fetur, ya jera a kan tabarmata ta salla, Allah ya sani ban yafe wannan ba. Ya tafi Kano, Ƙofar Ruwa, neman wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsa ba, ya dawo hannu sake wai wanda ya samu ba na asali ba ne. Madubin gefe kaɗai ya ci mana damina guda. Na ce, "Yaya, madubi ne zai kai ta Miga?" Ya ce ba zan gane ba. Gaskiyarsa, har yau ban gane ba.

Inna kuwa takan sa in ɗage mata labule. Ta ce iska take so. Daga gadonta ana hango ƙafafun nan biyu.

Wata rana motar ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama. Murna a wajen Yaya kamar an yi masa haihuwa. Ya ce bari ya gwada ta a hanyar Kafin Hausa kafin ya saka Inna a ciki. Bai yi wani nisa ba ta tsaya cak a tsakiyar gonaki. Ya kira ɗan kawunmu don ya zo da igiya a ja ta. Wajen ba sabis sosai, abin da ɗan kawu ya ji kawai shi ne, "Tsohuwa ta mutu, ku zo."

Ai kuwa bawan Allah bai yi wata-wata ba ya watsa wa dangi kaf.

Ina tsakar gida ina tsinkar zogale, Inna na zaune a gefena tana dama fura, sai ga mata suna shigowa da salati, wasu har da kuka. Ta farkon da ta yi ido huɗu da Inna ta saki takalminta ta yi waje da gudu. Kafin azahar ƙofar gida ta cika da maza, har an aika a sayo likkafani. Na fita na same shi, ɗan kawun, na ce, "Kai yanzu don Allah, wane ɗan halak ne zai ce uwarsa ta mutu? Rasuwa ake cewa. Akuya ce?" Ya ce shi ya ɗauka gigita ce ta sa.

Inna ta zauna ta karɓi gaisuwar mutuwarta ɗaya bayan ɗaya, ta sa na dama musu fura. Da aka jawo motar da yamma, Yaya ya zo ya tsugunna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ta dubi bango ta ce mini, "Ki ce wa wancan na ga masu zuwa, na kuma ga waɗanda ba su zo ba. Ya kyauta."

Kowa ya mayar da abin labarin dariya. A Miga babu wanda ya yi dariya. Labarin ya isa kunnen Yadikko, ta yini tana kuka, aka zo aka ce mata ƙarya ne, ta ƙi yarda. Aka kara mata waya ta ji muryar Inna, ta ce murya a ƙarfe ba shaida ba ce, lallashinta ake yi. Saƙonta ɗaya ne, kuma duk wanda ya fito daga Miga sai ya kawo shi: ƙanwarta ta zo ta shafa fuskarta da hannu, sannan ta yarda.

Daga ranar Inna ta haɗa ƙunshi. Turmin atamfa, sabulu, da ɗan turare, ta ɗaure a ɗankwali ta tura ƙarƙashin matashin kanta.

Shi kuwa Yaya, kunyar abin da ya faru ta sa ya ce ba zai sake yarda da gyaran sama-sama ba. Ya sauke injin gaba ɗaya. Injin da na gani a cikin mota, na wayi gari na gan shi a cikin kwanukan wanki guda-guda.

Na same shi na ce, "Ga 'yar Kwatano nan lafiyarta ƙalau. Miga ce fa, ba Makka ba. Mu je da safe mu dawo da yamma."

Ya ce, "Ki tambaye ta. In ta yarda, gobe ma."

Na tambaye ta. Ta ce, "Ya ce a motar Baffanku zai kai ni."

"Inna, mota ai mota ce."

"A gaban mutane ya faɗa."

"To a je a ɗauko Yadikko ta zo nan."

Ta yi mini wani kallo. "Ina da raina a jijjigo yayata makauniya ta zo gaishe ni? Ke wa ya yi miki tarbiyya?"

Na koma na gaya masa. Ya ce, "Kin ji ko? Ita ma ita take so." Ya koma ƙarƙashin mota.

Wallahi na gaji da su. Ita ba za ta shiga wata motar ba don kada a ce ɗanta ya kasa cika magana, kuma bakinta ba zai iya ce masa ya yi sauri ba. Shi kuma gani yake wannan ne abu ɗaya tak da ta taɓa jira daga hannunsa, don haka sai ya yi shi ba aibu ko na ƙwayar gero. Kowa yana tattalin mutuncin ɗan'uwansa, ni ce mai wankin zannuwa da kwasar baƙin mai a tsakar gida. Akwai ranar da na ɗaga sifana kamar in fasa gilashin motar kowa ya huta. Na ajiye, don na san Kano zai tafi neman na asali.

Da damina ta kama, jikin Inna ya rikice. Ƙafafun suka kumbura, ta daina fitowa, daga baya ko zama sai an tallafe ta. Likita ya ce in dai za ta yunƙura ta tashi, ta taka ƙasa, to akwai sauran fata. Shi ke nan kalmar ta zama addu'ar gidan. Duk wanda ya zo dubiya, "Ta tashi kuwa?" Duk wanda zai tafi, "Allah ya tashi kafaɗa." Ni kaina da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Ran wata Asabar da safe na tafi asibiti karɓo mata magani. Na bar Yaya da abokansa biyu a kan motar, na ce ya riƙa leƙa ta. Ina cikin layi wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

"Ta tashi! Tsohuwa ta tashi! Wallahi da kanta ta tashi!"

Ni da na fi kowa sanin bakinsa. Ni da na zagi ɗan kawu. Amma na daɗe ina jiran in ji wannan maganar, ko kaɗan mota ba ta faɗo mini a rai ba. Na bar layin, na bar maganin, na tare ɗan acaɓa ina ta hamdala a fili, har na ce masa mahaifiyata ce ta samu sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara afuwa.

Tun daga kwanar layinmu na jiyo ƙarar. Na san ta, da ita na girma. Ashe motar yake nufi. Na shiga na tarar da hayaƙi ya cika gida, kaji sun watse, abokansa suna tafi, shi yana zaune a kujerar Baffa yana ba ta wuta, fuskarsa duk baƙin mai, yana dariya kamar yaro. Ya ɗago mini hannu. Ban ko dube shi ba, na wuce ɗakin Inna da niyyar in na fito in wanke shi tas.

Ashe ita ma ta ji ƙarar.

Matar da sai mutum biyu sun kama ta take juyawa, na same ta ta jawo mayafinta ta yafa. Ta zaro ƙunshin Yadikko daga ƙarƙashin matashi ta rungume a ƙirji. Ƙafarta ɗaya ta sauko daga gado, yatsun suna kan takalmi. Labulen a ɗage yake kamar kullum. Na kira ta. Na sake kira. Na taɓa ta, da sauran ɗumi, amma babu ita.

Na mayar da ƙafar kan gado, na gyara mata mayafin, na fito.

"Yaya, kashe ta."

"Bari ta ɗan yi zafi tukuna, kin ji yadda take..."

"Na ce ka kashe motar nan. Inna ta rasu."

Bai nemi in maimaita ba. Ya murɗa makulli, gidan ya yi tsit.

Ɗaya daga cikin abokan nasa ne ya ɗauki 'yar Kwatano ya tafi Miga. Kafin la'asar ya dawo da Yadikko. Tafiyar ke nan gaba ɗayanta, zuwa da dawowa, tsakanin hantsi da la'asar. Aka riƙo hannunta har bakin gado. Ta lalubo goshin, ta bi hanci, ta bi kumatu, ta daɗe a kan wani ɗan tabo da ke haɓar Inna tun suna yara. Sannan ta ce, "Ita ce." Na ɗora mata ƙunshinta a cinya, ba ta kwance ba.

Da aka yi salla aka rasa motar da makara za ta shiga, sai a-kori-kurar. Murɗawa ɗaya ta kama. Yaya ne ya tuƙa. Mu mata muna ciki, muna jin ƙarar tana fita daga ƙofar gida, tana bin layi a hankali.

Yadikko ta karkata kai tana saurare.

"Wannan ai motar Baffanku ce," ta ce. "In na jiyo ta daga nesa, cewa nake a shimfiɗa tabarma, ga ƙanwata nan."

 Ta ci gaba da saurare har ƙarar ta ɓace.