Huji na Huɗu

A bakin tasha, gaban mai gyaran takalmi, wani ƙaton mutum yana tsaye da bel a hannu, ɗaya hannun riƙe da ƙugun wando. Zai yi shekara hamsin. Rigarsa ta sha guga, amma maɓallanta sai neman agaji suke. Kwalin maganin hawan jini na leƙowa daga aljihu.

Bel ɗin ne ya tona masa asiri. Akwai huji uku na basilla can ciki, shaidar ƙibar da ya taɓa saukewa da guminsa. Yanzu ya koma hujin ƙarshe, har ya yage. Wataƙila ƙafar nan da yake ja ce ta kwantar da shi. Wataƙila matar da ke tashinsa tattakin safe ce babu ita yanzu.

"Malam, ka gane ni? Bara kai ka huda mini ukun nan."

Mai gyaran bai ko ɗago ba. "Yallaɓai, jama'a da yawa. In ƙara maka ta waje ne, ka samu ka sarara?"

Mutumin yana shafa hujin da babban yatsa. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya san ya taɓa iyawa, ga shi ya manta.

"A'a. Ɗinke wanda ya yage. Sannan ka huda na huɗu, ta ciki."

"Ai ba zai kai ba."

"Na sani. Kai dai ɗago ka dube ni da kyau, don ka gane ni in na dawo."